Tafintan Falo

Shekara talatin da uku ya yi a tsaye gefen akwatin shaida, hannu a baya, yana ɗauko magana daga bakin wannan yana zuba ta a kunnen wancan. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Daga masu shara har alƙalai Tafinta suke ce masa, da ya yi ritaya kuma sunan ya biyo shi gida tare da agogon bangon da aka ba shi. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, ba zai rage ba, kuma idan kana da yammacin da kake son ɓatawa, je ka tambaye shi zancen wannan rantsuwa. Sai ya ba ka labarin ranar da wani mai ƙara ya zagi alƙali ta uwa ta uba, shi kuwa ya juya zagin zuwa Turanci tsaf, ko kakar alƙalin bai bari a baya ba.

Ƙa'idar aikinsu ita ce tafinta ba ya cewa "ya ce". In wanda ake tuhuma ya amsa laifi, da bakinka za ka amsa, ka ce "ni na yi". Saboda haka wannan bawan Allah, da bai taɓa ɗauke ko biron ofis ya kai gida ba, an ji shi a bainar jama'a ya fasa shago, ya ƙona motar surukinsa, ya sayar wa mutum huɗu fili ɗaya, sau biyu ma ya tsaya da gemunsa ya shaida wa kotu yana ɗauke da cikin wata biyar. Kotu ta kwashe da dariya har da ɗan sandan bakin ƙofa, shi ko gezau.

A gida kuwa sai ka rantse ƙwace masa kalmomin ake yi. Idan wani bai fara faɗa ba, shi ba shi da abin faɗa. Shekara arba'in da aurensu, abin da matarsa ta fi ji daga bakinsa shi ne "to" da "an gode" da "ina silifas ɗina".

Ita kuwa Allah ya ba ta baki, ya haɗa mata da kunne. Daga hawa na biyu inda suke haya tana jin ƙaryar da telan ƙasa ke shirga wa masu karɓar ɗinki, wani lokaci har ta leƙa ta taga ta gyara masa ranar da ya yi alkawari. Telan shi ke aiko mata da rigunan 'yan makaranta da na masu gadi, ta ɗinka maɓalli ta yi kalmasa da hannu. A karatu ba ta yi nisa ba, a aji uku ta tsaya, Turancinta bai wuce gaisuwa da sunayen magunguna ba. Amma wajen yanke hukunci ba ta jiran ta ji yare. Shi ya sa yake ce mata Mai Shari'a, tun tana hararar sa har ta koma amsawa.

Da ya bar aiki, wata biyu ya yi yana zagaye falo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya gyara zaman agogo, ya jera jaridu bisa kwanan wata, ya fara bin ta kicin yana kallon yadda take yanka albasa. Wata rana da yamma tana maɓalli gaban talabijin, wata mata a ciki tana kuka tana jifa da faranti, sai ta ce, "Malam, maimakon ka tsaya mini a ka, faɗa mini abin da aka yi wa yarinyar nan." Ya jawo kujerar katako ya ajiye ta gefen talabijin a karkace, rabi yana kallon allon rabi yana kallon matarsa, daidai yadda yake tsayawa tsakanin shaida da alƙali. Ya gyara murya ya ce, "Ka cuce ni. Ka cuci uwata. Ba ni makullin motata." Tun daga ranar kotu ta dawo falo.

Kullum in an ci abinci an kwashe kwanuka, sai ta zauna a ƙarshen doguwar kujera, wajen da bai lotsa ba, kwandon maɓallai a kan cinya, rimot a ƙarƙashinta. Shi ya hau kujerarsa da kofin shayi. Ƙarfe bakwai da rabi katun, ƙarfe takwas wasan kwaikwayo. Da murya ɗaya yake fassara komai, soyayya da kisan kai duk kamar yana karanta takardar sammaci, ita kuma tana yanke hukunci ba tare da ta ɗago daga allura ba.

"Wannan shekara goma."

"Wannan a sake shi, wawa ne kawai."

"Wannan ku bar mini ita, ni na san maganinta."

Katun ɗin ita ta tsinto shi, wai tunda zane ne ai na yara ne, ba za a rasa tarbiyya a ciki ba. Labarin wani kada ne likitan haƙori, mai farar riga da jajayen idanu, wanda mata uku suka gudu suka bar shi. Ranar farko da Tafinta ya ji abin da kadan ya buɗe baki ya faɗa wa wata akuya da ta zo cire haƙori, shayi ya sarƙe shi. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sauraren tantiran gari, bai san ana iya jera batsa haka a numfashi ɗaya ba.

"Me ya ce?" in ji Mai Shari'a.

Ya dubi matar nan, uwar 'ya'yansa biyar, tabarau a kan hanci tana neman kafar allura. Ya ce, "Baiwar Allah, ki riƙa wanke baki safe da yamma."

A ranar nan rantsuwarsa ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ji ƙararta. Daga nan Likita Kada ya zama mai wa'azi. Kwalbar da yake zarowa daga aljihun tebur yana ɗaɗɗaka, maganin tari ce. Matan da ke fitowa daga ɗakinsa da safe riƙe da takalma a hannu, ƙannensa ne, ba sa son su tashe shi daga barci. Mai Shari'a takan girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Ga zumunci, ga tari ya ƙi jin magani."

Wannan ƙarya ce ta rufin asiri, kuma bai taɓa rasa barci a kanta ba. Wadda ta hana shi sukuni daban ce.

Kunnen hagu ne ya fara, wajen shekara guda da ta wuce. Ya ɗauka dauɗa ce, ya sosa da auduga, ya ɗiga abin da mai kantin magani ya ba shi, shiru. Na dama ya bi sahu sannu a hankali. Idan mutum na gabansa yana magana da yaren gida, sai ya kalli leɓe, ya haɗa rabin da ya gani da rabin da ya ji ya tsira. Idan daga baya ne, ko ta waya, ko daga talabijin, sai ya ji kamar ana hira a gidan maƙwabta an rufe taga. 'Ya'yansa in sun kira, layi ne ba kyau. Babban ɗan har waya sabuwa ya aiko masa, layi bai gyaru ba. Ya tanadi amsoshi uku yana juya su: "to", "haka ne", "madalla". Ranar da telan ƙasa ya biyo shi a matakala yana gaya masa ɓarayi sun kwashe masa kekuna biyu, "madalla" ce ta zo kan layi. Har yau tsakaninsa da telan sai ɗaga hannu daga nesa.

Me ya hana shi faɗa? Ya ga yadda aka yi da mahaifinsa lokacin da kunnensa ya tafi: ana daka masa tsawa kamar ƙaramin yaro, ana hira a kansa yana zaune yana murmushin da bai san dalilinsa ba. Kuma shi Tafinta kunne ne kaɗai abin nunawarsa. Ba tsawo, ba murya, ba gidan kansa. Amma abin da ya fi tsorata shi bai ma kai wannan girma ba. A hawa na uku akwai matar direba, tana da tashar da ake juya finafinai zuwa yaren gida, kullum falonta cike da mata ana shewa. Sau nawa ta leƙo tana cewa, "Mama, ki hawo mana." Ya san ranar da Mai Shari'a ta gane tafintanta ya tashi daga aiki, kwandonta za ta ɗauka ta hau sama, ta bar shi da agogon bango. Wannan awa ɗaya da rabi ita ce kaɗai lokacin da matarsa ke zama tana jiran abin da zai fito daga bakinsa. Yana son ta fiye da yadda ya so kotu, kuma yana tsoron rasa ta.

Ƙara sauti ba zai yiwu ba, rimot na ƙarƙashin mai shi, ita kuwa in sauro ya wuce sai ta faɗa maka mace ne ko namiji. Don haka ya koma karanta fuska da hannu, yadda ya saba yi wa masu shaidar zur, yana ƙera magana yana cusa wa mutanen talabijin a baki. Baki ya motsa, ya yi magana. Baki ya tsaya, ya tsaya. Da Likita Kada abin bai yi wahala ba, dama can ba maganarsa ake faɗa ba.

Wasan ƙarfe takwas labarin wani iyali ne masu otal a bakin teku. A cikinsu akwai tsoho mai farin gashi da sanda, shi ne mai otal ɗin. Kusan kullum sai an nuno shi zaune da matarsa a wani dogon teburin cin abinci, yana mata magana a hankali yana juya cokali, ita kuma idonta na kawo ruwa. Lokacin da aka fara nuna wasan kunnen ya riga ya yi nisa, don haka Tafinta bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakin tsohon ba. To me tsoho zai faɗa wa tsohuwar matarsa har ta yi ƙwalla? Ya laluba ko'ina, bai sami komai ba sai nasa.

"Na san ba ni da daɗin zama," in ji shi a ranar farko, da muryar sammaci, ido a kan allo. "Kin yi haƙuri da ni fiye da yadda na cancanta."

Allura ta tsaya a tsakiyar maɓalli.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Tsohon ya tuna ranar da ya fara ganin matarsa tana faɗa da kwandasta a kan canjin wata tsohuwa da ba ta ma sani ba, sai dai Tafinta ya mai da motar hayar ta zama jirgin ruwa don ɓad da sawu. Tsohon ya roƙi gafarar ranar da aka haifi ɗansu na fari yana wurin aiki, bai zo ba sai da aka sallame ta. Tsohon ya ce in ta yi tafiya abinci ba ya wuce masa. Tsohon ya ce tsufa ya shigo masa ta inda bai zata ba, yana tsoron ranar da za ta kira shi bai amsa ba, ta ɗauka wulaƙanci ne. Mai Shari'a ta raɗa masa suna Dattijo, ta wanke shi daga laifin baya da na gaba. Ranar da aka nuno shi ƙiri-ƙiri yana tura wani mutum daga saman bene, cewa ta yi tsautsayi ne, a sallami shari'a.

Abin haushin, da Dattijo take masa gori. Ta juyo ta kalle shi, tana gatsa zare da haƙori, ta ce, "Ka ji maza. Ka ji yadda ake magana da mace. Kai kuwa tun muna yara sai 'ina silifas ɗina'." Tafinta ya kurɓi shayi ya haɗiye da takaici. Akwai ranakun da ya kwanta yana jin kishin wani tsohon banza da shi da kansa ya ƙera, har ya yi niyyar gobe zai sa masa mugunyar magana a baki ya huta. Gobe ta yi, tsohon ya ɗauki cokali, allura ta tsaya tana jira, sai ya kasa.

Ana haka sai ga Auta. 'Yarsu ce ta ƙarshe, malamar Turanci a wata sakandare a wani gari, an turo ta taron bita na kwana biyu, ta ce ba ta ga dalilin kwana a masauki ba gidan ubanta na nan. Bakin uwar ta ɗauko ta haɗa da Turancin uban, haɗin da bai taɓa damun Tafinta ba sai ranar. Tun la'asar ya fara neman mafita. Ya ce idonsa na masa ciwo. Ya ce tunda an yi baƙuwa ai hira ta fi kallo. Har bayan talabijin ya zagaya ya sassauta waya, Auta ta zo neman wurin cajin wayarta ta gani ta mayar.

"Yau Dattijo zai rubuta wasiƙar da aka nuna a tallan jiya," in ji Mai Shari'a. "Ko gobara ake sai na gani. Auta, zo ki zauna ki ga aikin babanki, ba irin naku na alli ba."

Auta ta zauna a wajen da ya lotsa da kofin lemo a hannu. Likita Kada ya fito da jajayen idanunsa, ya ja aljihun tebur, ya ɗaga kwalba sai da ya ga gindinta. Wata jimina ta shigo da ɗan guntun siket tana rangaji. Kada ya dube ta daga sama har ƙasa, ya sake dawowa sama, ya motsa baki.

"Sannu da zuwa, ƙanwata," in ji Tafinta. "Ya kika baro su Inna?"

Lemo ya fito wa Auta ta hanci. Ta dubi allo, ta dubi uban, ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

"Meye abin dariya?" in ji uwar. "Mutum yana gaishe da 'yar'uwarsa."

"Ba komai, Mama. Zumuncin ne ya burge ni."

"To ki koya. Ke sai ki yi wata ba ki kira yayyenki ba."

Rabin awa Tafinta ya yi yana wa'azi da bakin kada. Kada ya yi tangaɗi ya cire wa wani raƙumi haƙorin da ba shi ke ciwo ba, Tafinta ya ce, "Haƙuri, ɗan'uwa, ɗan Adam ajizi ne." Kada ya kwanta a kan kujerar marasa lafiya yana rera wata waƙa yana nuni da hannu irin wanda ba a yi a gaban manya, Tafinta ya ce yana tuna mahaifiyarsa. Mai Shari'a ta ce, "Ɗan albarka." Auta kam tuni ta zame ƙasa tana share hawaye. Da aka tafi talla ta rarrafo ta dafa gwiwar uban, ta ɗago fuska ta ce masa a hankali, "Baba, Allah ya saka da alheri. Ko ni ba zan iya maimaita abin da ya ce ba." Ya karanta leɓenta, ya gyaɗa kai irin na manya. Ta ɗauka kunya ce kawai. Ya ji sanyi a ransa har ya ƙara shayi, yana lissafin in an yi sa'a Dattijo ma sai ya wuce da sunan kunya.

Takwas ta buga. Aka nuno otal, aka nuno teku, aka nuno Dattijo a teburin rubutu yana ninke takarda yana sa ta a ambulan. Daga nan hoton ya koma kan wata baƙar mota tana tafiya a gefen ruwa, ba fuska, ba baki. Tafinta ya jingina ya miƙe ƙafa, yana jiran a dawo kan mutane. Mota ta yi ta tafiya. Ya hura shayi ya kurɓa. Da ya waiwaya sai ya ga mata biyu sun zuba masa ido.

"Malam, muna jira."

"Jiran me?"

"Wasiƙar mana! Tun ɗazu yake karantawa."

Ashe muryar tsohon ce aka ɗora a kan hoton motar. Ta cika falon, kowa na ji ban da wanda aka ajiye don ya ji. Tafinta ya gane ya makara. Amma ya yi ta maza, ya gyara zama, ya kama daga inda ya ga dama.

"Matata, idan wannan takarda ta same ki, ina so ki sani ban taɓa…"

"Baba," in ji Auta. Dariyar ta bar fuskarta. "Ya gama. Kiɗa ake yi yanzu."

Mai Shari'a ta dubi wannan ta dubi wancan. "To ke da kika ji, me ya ce?"

Auta ta dubi uban. Da ta gaji halin uban da ta yi shiru, amma na uwar ne ya rinjaya. "Ba matarsa ya rubuta wa ba, Mama, lauyansa ne. Ya ce a mayar da otal ɗin da sunan yarinyar nan mai karɓar baƙi, matar kuma a kai ta gidan tsofaffi kafin ƙarshen wata, a ce kanta ya taɓu."

"Wa? Dattijo?"

"Mama, ina kallon wasan nan a waya, na ma wuce ku da kashi goma. Mutumin nan tun farko mugu ne. Shi ya kashe ƙaninsa."

"Tsautsayi ne!"

"Da hannu biyu ya tura shi, ya leƙa ya tabbatar."

"To maganganun da yake mata a tebur fa, har tana kuka?"

"Ai dole ta yi kuka. Kullum ce mata yake ta tsufa, ta yi ƙiba, miyarta ba gishiri, da ya sani yayarta ya aura."

Mai Shari'a ta ajiye rigar da ke hannunta. "Bai ce ta yi haƙuri da shi fiye da yadda ya cancanta ba?"

"Wannan tsohon? Ko a mafarki."

"Bai ce yana tsoron ranar da za ta kira shi bai amsa ba?"

Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe. Ta juyo ta daɗe tana kallon ubanta. Sannan ta ɗauki littafin bitarta daga kan kujera ta kare bakinta da shi. Ya ga idonta, ya ga maƙogwaronta na motsi. Amsoshinsa uku suka zo suka yi layi a bakinsa, ya san duk wadda ya ɗauka ta gama da shi, sai ya bar su. Ta sauke littafin.

"Baba kawai na ce. Sau uku."

Mai Shari'a ta cire tabarau. "Tun yaushe?"

"Shekara. Da 'yan kai."

"Shekara!" Ta miƙe tsaye, maɓallai suka watse a ƙasa. "Shekara ina kiran ka daga kicin kana banza da ni, ina cewa girman kan 'yan ritaya ne! Na kai ƙarar ka wurin yayarka, ta ce in yi haƙuri haka babanku ya yi da ya tsufa, ashe gaskiya ta faɗa ban gane ba! Wata da watanni ina sa wannan ɗan iskan tsoho a addu'a!" Ta nuna talabijin da almakashi. "Rataya! A rataye shi, a rataye sandar!" Sai wani abu ya faɗo mata, ta juya wurin 'yar. "Kadan fa?"

"Mama, kar ki tambaya."

"Tarin?"

"Giya ce."

"Ƙannen?"

Auta ta sunkuya ta shiga tsintar maɓallai.

"Na shiga uku," in ji Mai Shari'a, ta koma ta zauna daɓas. "Ni da na tare matar direba na ce ta riƙa kunna wa jikokinta."

Duk wannan Tafinta na zaune a karkace da kofi a hannu, yana bin leɓensu. Ya ga mutane da yawa suna jiran hukunci, ya san yadda suke rasa inda za su sa hannuwansu, yau ga shi ya rasa inda zai sa nasa. Kunya ta rufe shi, ba ta kurumtar kaɗai ba. Duk abin da ya ɓoye a bakin Dattijo yanzu yana shimfiɗe a tsakar falo, a gaban 'yar cikinsa. Idonsa ya sauka kan kwandon. Tunda dai za a ɗauke shi, gara ya miƙa da kansa.

"Matar direba tana da tashar da ake juya su da yarenmu," ya ce. "In kin hau can ba sai kin jira kowa ba. Kuma abin da aka faɗa shi za ki ji."

Ba wanda ya faɗa masa wannan ya maimaita. Tasa ce, kuma da ƙyar ta fito.

Mai Shari'a ta kalle shi, kallo mai tsawo. Ba ta taɓa kwandon ba. Ta mayar da tabarau, ta ɗauki riga da allura, ta juya fuskarta wajen taga, inda ba ya ganin komai sai gefen kumatunta, ta fara magana. Ba faɗa take ba, ya san yadda wuyanta ke yi in tana faɗa. A hankali take yi, tana tsayawa tana ci gaba, allurar na hannunta ba ta shiga ko'ina. Auta da ke durƙushe ta bar tsintar maɓallai. Ya ga ta yi murmushi, ya ga idonta ya ciko, ya ga ta rufe fuska da tafin hannu. Ya karkato da kunnen dama, ya riƙe numfashi, ya tattaro duk abin da ya rage masa na ji. Bai samu komai ba sai amon muryar da ya sani, ba kalma ko ɗaya a ciki.

Ta gama, ta soka allura a maɓalli.

Akwai tambayar da shi ake yi wa duk tsawon rayuwarsa, bai taɓa yi wa kowa ita ba. Ya ajiye kofin a ƙasa.

"Auta," ya ce, "me ta ce?"

Auta ta girgiza kai tana share hanci da mayafi. "Baba, ko yanka ni za a yi ba zan iya maimaita maka ba. Ba da ni take ba."

Mai Shari'a ta juyo ta fuskance shi sosai, ta ware kalmomin ɗaya-ɗaya yadda ba zai rasa ko guda ba.

"Sau ɗaya na taɓa faɗa, ka kuwa rasa. In kana son ji, ka je a duba kunnen nan. In sun maƙala maka abin ji, sai in duba in ga ko bakina zai iya maimaitawa. Ban yi alkawari ba."

A talabijin tsohon ya dawo kan teburinsa yana juya cokali yana motsa baki, ba wanda ya tambayi me yake cewa. Tafinta ya daɗe yana kallon matarsa, ita kuma ta ƙi ɗagowa, tana ta ɗinka maɓallin da ta riga ta ɗinka.

"Asibitin," ya ce wa Auta, "ƙarfe nawa suke buɗewa?"

Auta ta ɗaga masa yatsu takwas. Mai Shari'a ta ture hannun 'yar, ta taso ta sunkuyo daidai kunnensa na dama, ta buɗe murya da iya ƙarfinta.

"Bakwai za mu fita! Akwai layi!"

Wannan kam ya ji.